Sifana da Maƙogwaron Tafki

A garin da wannan abu ya faru akwai wani mai gyaran famfo da kowa ke kira Sifana, domin ko masallaci za shi, sifanarsa na soke a aljihun baya. Shi kansa ya fi son a ce masa Injiniya, har ya rubuta hakan da fenti a ƙofar shagonsa, amma ba mai kiransa da sunan sai wanda banɗakinsa ya toshe, shi ma zuwa lokacin da ruwa zai wuce. Aikinsa ya iya daidai gwargwado. Bakinsa ne ba shi da murfi. In ya ɗaure famfo ɗaya da safe, kafin la'asar labarin ya zama madatsar ruwa ya gina.

A gefen garin akwai wani babban tafki. Ana su a cikinsa, ana wanki, dabbobi na sha. Amma duk bayan shekara shida ko bakwai, ba tare da ya yi wa kowa sallama ba, sai ya soma janye jiki, wani lokaci ma ana tsakiyar damina. Cikin kwana goma ya tattara ruwansa da kifayensa ya zurare ta wani rami da ke tsakiyarsa, wanda ake kira Maƙogwaro. Ya yi wata uku ko biyar, sannan wata safiya a tashi a tarar ya dawo har da kifayen, kamar wanda ya je ganin dangi.

Mutanen gari sun ce wata Tsohuwa ce ke zaune a ƙarƙashi, in ta tashi babban wanki sai ta janye ruwan. Wasu sun ji ana daka a cikin ramin. Wasu sun ji tari. Wani ya rantse an kira shi da sunan da uwarsa kaɗai ke kiransa. Abin da kowa ya yarda da shi dai, ba a taka busasshen tafki da rana tsaka, don lokacin ne take fitowa shanya. Allah ne Masanin gaskiya. Abin da aka lura kawai, masu ganin Tsohuwa sun fi yawa cikin waɗanda ba su taɓa zuwa kusa ba.

A shekarar da tafkin ya sake janyewa, kwamitin gari ya gama gina ɗakin injin ruwa, ana neman wanda za a danƙa wa makulli ya riƙa kula da shi. Mutum biyu ke nema: Sifana, da wani dattijo mai haƙar rijiya da ake kira Baba Mahaƙi, wanda ya shekara arba'in yana shiga ƙasa yana fitowa, bai tara magana ba. Ranar Asabar za a yanke. Sifana kuwa tuni ya sanar da surukansa cewa ya samu, har ya ɗinka kaki mai aljihu huɗu.

Ranar Talata a teburin mai shayi ya buɗe baki.

"Ku fa ba ku san ruwa ba. Tafki baho ne, babban baho. In baho ya tsiyaye ana cewa aljana ce? Hanya ce a ƙasa, ta bi ta ƙarƙashin dutsen can, ta ɓulla a ƙoramar da ke bayansa. Na ji tafiyar ruwan da kunnena."

Mai wanki, wanda ke zaune kusa da shi, ya ce, "Kunnen nan da bai ji ɗigar famfon gidana ba wata biyu?"

"Wannan ƙaramar ɗiga ce. Kunnena na manyan ayyuka ne."

Mai shayi ya ce, "To, Tsohuwa fa?"

"In tana nan ta aiko a kira ni, in gyara mata magudana. Ba zan tsawwala mata ba, na ga dattijuwa ce."

Aka yi dariya. Baba Mahaƙi na can ƙarshen benci, ya kurɓe sauran shayinsa, ya ce, "Allah Ya ba da sa'a," ya tashi. Wannan addu'a ta fi zagi yi wa Sifana ciwo.

Masu gyaran famfo na da wata dabara. In bututu ya ɓace musu a ƙasa, sai su zuba kala ta sama, su je su tsaya inda suke zargi, su ga ko za ta fito. Sifana ya ƙudura zai yi wa tafki haka, a ɓoye, kada Baba Mahaƙi ya sace masa basira. Sannan ya kwashi kwamiti zuwa ƙorama su ga ruwa ya canza launi a gaban idonsu. Daga nan sai makulli.

Kala kuwa ba sai ya je nesa ba. Matarsa rinin labule da zannuwan gado take yi, kuma tana da buhu biyu na hodar jan rini a bayan ƙofa. Ranar Laraba ta tafi dubo gwaggonta da ba ta jin daɗi. Tana karya kwana, Sifana ya loda buhunan a baro, ya yafa wani tsohon zanenta a ka don rana da kuma idon mutane, ya nufi tafki da rana tsaka, lokacin da ya san ko kare ba ya bi ta wajen.

Daga gaɓa ƙasar ta bushe ta tsattsage, har tana ƙara in an taka. Sifana ya tura baro yana fito. Taku ɗari, tayar ta nutse. Ya ja, ta ƙara nutsewa. Ya zagaya ya tura, ƙafarsa ta dama ta shige har gwiwa, da ya zaro ta ta fito ba takalmi. Ya bar baron nan, ya rungumi buhu ɗaya a ƙirji, ya ja ɗayan a ƙasa. Na ƙasan ya haɗu da ƙashin kifi ya yage. Ya sa hannu ya toshe. Na ƙirjin ya ga ɗan'uwansa ya samu hanya, shi ma ya fashe ta ɗinki. Hoda ta haɗu da gumi. Kafin ya kai tsakiya, hannayensa har gwiwar hannu sun zama kamar na mahauci.

A bakin Maƙogwaro saura ɗan ruwa, yana juyawa yana gangarawa cikin duhu. Sifana ya zazzage buhun farko. Yana cikin zazzage na biyu, ramin ya yi wani irin gurnani mai tsawo, kamar ƙaton mutum yana kurkure baki, iska mai sanyi ta bugo masa fuska. Mutumin da ya yi alkawarin gyara wa Tsohuwa magudana ya saki buhu da abin da ke ciki, ya juya. Ya karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa da ta gama cin abinci. Bai tsaya ba sai a banɗakin gidansa.

Ya wanke da sabulu, ya wanke da toka, ya wanke da kananzir. Hannu ya ƙara kyau. Da matarsa ta dawo, ta tarar da shi zaune cikin riga mai dogon hannu da safar hannu ta aiki, gumi na tsiyaya.

Ta leƙa bayan ƙofa, ta dawo. "Baban yara, ina buhunana?"

"Sun tafi aikin al'umma."

"Da ƙafarsu?"

"Maman yara, akwai abubuwan da sai injiniya."

"Cire safar nan."

"Sanyi nake ji."

Ta kama yatsa ɗaya na safar ta ja. Ta duba hannun, ta juya shi, kamar mai duba ƙyalle a kasuwa. "Ya kama da kyau," in ji ta. "Na labulen ɗakin taro ne. Ba ya fita, shi ya sa ake nemansa. Ina ka kai sauran?"

Da ya gaya mata, ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Allah Ya rufa mana asiri," da muryar wadda ta san ba lalle a amsa yadda take so ba.

Ranar Alhamis Sifana ya kwashi kwamiti, ya ce su zo su ga abin mamaki. Shugaban kwamitin dattijo ne mai farin gemu da fararen kaya da ciwon gwiwa. Aka hau dutse ana riƙe da shi. Aka sauka kaɗan ta baya, aka zauna a bakin ƙorama. Ruwa garau, har ana ganin tsakuwa.

"Ina abin mamakin?" in ji Shugaba.

"Yana hanya, ranka ya daɗe. Ku dai zuba ido."

Aka zuba ido awa ɗaya. Aka zuba awa biyu. Sifana ya kwanta ya kara kunne a ƙasa, ya ce ya ji shi, ya kusa, lanƙwasa ce ta yi yawa. Wani ya tambaye shi dalilin safar hannu a wannan zafi, ya ce haka manyan injiniyoyi ke yi. A awa ta uku tururuwa ta samu Shugaba.

Baba Mahaƙi, wanda ya biyo su ba tare da an gayyace shi ba, ya ɗebi ruwan da tafi ya sha. "Ban san me ake jira ba," ya ce, "amma ƙoramar nan ta fi tafki tudu da tsayin bishiya uku. In daga can ake sa ran baƙo, ban taɓa ganin ruwa ya hau dutse ba."

Aka sauko ba mai yi wa Sifana magana. Gwiwar Shugaba ta kumbura, sai goya shi aka yi.

Baƙon ya iso ranar Juma'a, amma ba ta ƙofar da aka tsaya ba.

Mai wanki ne ya fara gani. Tun kafin gari ya waye ya ja ruwa a rijiya ya jiƙa fararen kayan mutane, baho shida. Da haske ya fito ya tarar da su duk ruwan hoda, irin na kayan jarirai. Mai shayi ya dafa tukunya guda, mutum huɗu suka sha suna yaba sabon ganye kafin wani ya leƙa randa. Mata suka buɗe tukwanen shinkafa suka rufe. Gidajen da ke jan ruwan rijiya zuwa tanki, famfunansu suka riƙa zubar da ja. Shugaba kuwa ya yi alwala cikin duhun asuba, ya tsefe gemu da kyau kamar kullum, ya fito yana amsa gaisuwa, yana mamakin yadda yau kowa ke gaishe shi kai a sunkuye, kafaɗa na rawa.

Kafin azahar gari ya gama bincike: jini ne. Tsohuwa ta yi yanka. Wasu suka ce saniya, wasu suka ce ba saniya ba, kuma suka ƙi ƙarasawa. Aka ƙirga yara gida-gida. Mutum uku suka ɗaure kaya. Mai wanki ya zauna a tsakiyar bahunansa yana tambayar abin da ya yi wa Tsohuwa, shi da ma sana'arsu ɗaya.

A gida, matar Sifana ta tare ƙofa. "Baban yara, ka je ka sami Shugaba a ɗaki, kai da shi, ka faɗi gaskiya ka ba da haƙuri. Mutane na cikin tsoro."

"Gobe za a ba da makulli."

"To, in ba za ka iya faɗa ba, za ka iya yin shiru? Ni dai in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba."

"Shiru? Ni da na taɓa yin kwana tara ban ce uffan ba?"

"Yaushe?"

"Kafin ki san ni."

Ranar Asabar aka taru a filin makaranta, maza gefe, mata gefe. Maganar makulli aka ajiye, aka ɗauko ta Tsohuwa. Shugaba ya zauna da gemunsa, wanda ya sha wanki uku ya koma kalar cikin kankana. Sifana ya sa kakinsa mai aljihu huɗu da safar hannu, ya zauna a layin gaba ya dafe baki.

Sai wani masunci, wanda tafiyar tafki ta bari ba aikin yi sai zaman gaɓa, ya miƙe ya ce shi fa ya gan ta.

"Ranar Laraba, da rana tsaka, ina ƙarƙashin bishiya. Ta yafa zane. Gajeriya ce, ga tumbi, ga ƙafafu gwame, tana tafiya kamar agwagwa."

"Laka ce ke sa tafiya haka," in ji Sifana. Daga gefen mata aka yi tari.

"Tana rungume da wani abu kamar gawa, tana jan wani a ƙasa, jini na zuba."

"Da nauyi, ko?" in ji Sifana. "Ai sai mai ƙarfi."

"Da ta kai Maƙogwaro ta jefa su. Sai ta kwarma ihu ta ruga, ta faɗi sau uku."

"Sau ɗaya."

Masunci ya juyo. "Kana wurin?"

"A'a. Na dai ga uku ta yi yawa." Tarin gefen mata ya ƙara ƙarfi.

"Ban taɓa ganin halitta mai muni irinta ba," in ji masunci, ya zauna.

Shugaba ya shafa gemu, ya tuna, ya janye hannu. "Jama'a, sai addu'a. Wannan ba aikin ɗan'adam ba ne. Duk garin nan, kai, duk ƙasar nan, babu mai basirar da zai canza ruwan rijiyoyin gari kaf a dare ɗaya. Ko injiniyoyin birni ba su isa ba."

Sifana ya jure tumbi, ya jure agwagwa, ya jure muni. Amma a ɗauki aiki irin wannan a ba wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe sifana ba, wannan kam ya fi ƙarfinsa. Ya ji maganar na hawowa daga cikinsa, ya danne, ta ƙi.

"Akwai," ya ce, ya miƙe. "Ni ne."

Ba wanda ya ko juyo sosai. Mai wanki ya ce, "Zauna, Sifana, yau ba ranar cika baki ba ce."

"Na ce ni ne."

Mai shayi ya ce, "Kai ne kuma ka tsayar da ambaliyar bara da tafin hannu."

"Wannan daban. Wannan da gaske ne."

Aka fashe da dariya, har waɗanda suka ɗaure kaya. Masunci ya ce shi mace ya gani. Sifana ya ce zanen matarsa ne. Aka ƙara dariya. Ya ce a je a duba, baronsa na can a kafe, da takalminsa na dama. Wani ya ce to ya je ya ɗauko, da rana tsaka. Ya juya gefen mata, ya nemo matarsa da ido.

"Maman yara, don girman Allah faɗa musu."

Ta miƙe a hankali ta gyara mayafi. "Ni shawara biyu na ba ka, ka zaɓi ta uku. Ranka ya daɗe, buhun jan rini biyu sun ɓace mini ranar Laraba. Launin gemunka kuma na san shi, nawa ne."

Duk da haka wasu na gunaguni, don sun riga sun saba da Tsohuwa. Sai Sifana ya fizge safar hannu, ya naɗe hannun kaki, ya ɗaga hannayensa sama ya juya da su gabas da yamma, yana murmushi kamar wanda ya ci kofi.

Filin ya yi tsit. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, ya gyara murya. Ya bayyana dabarar kala. Ya ce yau, a karon farko a tarihi, an gano cewa ruwan tafki ba wajen aljana yake zuwa ba, ƙarƙashin gari yake shiga, ya cika rijiyoyi. Ya ce ba ya neman godiya, makulli ma ya isa.

"Mun sani," in ji Baba Mahaƙi daga inda yake zaune.

"Kun san me?"

"Inda ruwan ke zuwa. Duk shekarar da tafki ya tafi, ruwan rijiyoyi kan ƙaru da gaba biyu. Mukan tsinci kifinsa a guga."

"Tun yaushe?"

"Tun kakana."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Kuma Tsohuwa ta fi daɗin hira."

Mai wanki ne ya fara isa gare shi, da wata babbar riga ruwan hoda, ya kifa masa a ka. Mai shayi ya biyo da ludayi. Mutum huɗun da suka sha sabon ganye suka nemi a ba su hanya. Sifana ya zagaya filin makaranta sau biyu cikin rigar, ba ya ganin gabansa, ya yi karo da ƙararrawa, ya faɗa kan allon da aka jingine, sannan ya samu mafaka a bayan kujerar Shugaba, wanda shi ma yake lalubar sandarsa.

Da ƙura ta lafa, Shugaba ya zaro makulli daga aljihu. Sifana ya miƙa jan hannunsa, don sabo. Makullin ya wuce ta saman kansa ya sauka a tafin Baba Mahaƙi.

"Kai kuma," in ji Shugaba, "tunda ka ƙware a rijiyoyi, za ka yashe su ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya yi fari. Baba zai riƙe maka igiya. In ka gama, matarka na da magana da kai a kan labule."

Washegari da hantsi aka zura shi a rijiyar mai wanki, rabin gari na leƙe. Ya riƙa cika guga ana ja, ruwa har ƙugu, sanyi na kaɗa masa haƙora. Can ya ɗaga kai, ya hango ɗan da'irar haske da kan Baba Mahaƙi a ciki.

"Baba, saura nawa?"

"In ka gama wannan, arba'in da ɗaya."

A ƙasa Sifana ya lissafa da yatsu. Sannan murya ta taso, tana amsa-kuwwa.

"Arba'in da biyu ke nan. Jama'a, kun ji? Da ba don ni ba, wa zai san adadinsu?"

Baba Mahaƙi ya saki guga.